Mu Biyu a Lamba Ɗaya

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika
na bar wa Ila rumfar albasa,
na ratsa Kaliyawo da ƙafa, yashi zalla, ba ɗigon ruwa,
takardu a leda, leda a hammata,
zan faɗa wa gwamnati abin da na samu bana,
har da wanda ya ruɓe a buhu.

Ofishin haraji na Marwa:
benci biyu, fanka ɗaya mai ciwon wuya.
Madam Jenabu ta danna, ta sake dannawa,
ta cire tabarau, ta hura, ta mayar.
Ta ce, "Na'ura ta ƙi ka."
Na ce, "Ko surukaina sai da suka ba ni ruwa tukuna."
Ba ta yi dariya ba.
"Lambar nan tana da mai ita. Ku biyu ne."

Ni da uwata ta haifa tilo,
ta roƙa mini ƙane har ta koma ga Mai sama,
yau inji ya yi mini ɗan'uwa
ban yanka ko zakara ba.

Tanimu Ladan, in ji allo. Ni ke nan.
Tanimu Ladan, in ji shi kuma, Kuseri, mai busasshen kifi.
Duk ɗaya ga Janairu aka haife mu,
ranar da magatakarda ke haifar duk wanda
uwarsa ta ce, "Shekarar da gero bai yi ba ce."

Ta lissafa mini magani:
takardar haihuwa, hoto huɗu, kan sarki,
wasiƙa zuwa Yawunde da Faransanci mai guga,
sai ɗayanmu ya tabbatar shi ne shi.
Tara kuwa ba ta jiran kowa,
a zaune ma tsiro take yi.

A gefen fayil akwai lambar waya.
Na kwafe ta a tafin hannu.
Bayan isha'i na shirya faɗa,
na loda kalmomi kamar buhuna a mota,
na buga.
Mace ta ɗauka. A bayanta akuya, da yaro yana tari.
Na ce, "Tanimu nake nema."
Shirun ya kai tsawon gadar Ngeli.
"Wa ke magana?"
Na ce, "Tanimu."
Sai na ji wani abu ya faɗi, kamar kwano.

Damina uku ke nan, ta ce,
da Lagon ya cika ya kifar da kwalekwalensa.
Ba a ga gawa ba, ba wanda zai sa hannu cewa ya mutu.
Rumfa da sunansa take.
Duk shekara takan je ta biya da lambarsa,
a buga hatimi, a miƙo rasit:
an karɓa daga hannun Tanimu Ladan.
"Can kaɗai," ta ce, "ake rubuta shi kamar ya je kasuwa."

Kayan da na loda ban sauke ko buhu ɗaya ba.
Na tambayi farashin kifi. Ta tambayi na albasa.
Kati ya ƙare.

Da safe na koma.
"Madam, a yanka mini sabuwa."
Ta ce, "Rasit ɗinka na shekara tara fa?
Za ka zama kamar jiya ka buɗe rumfa. Ga kuma tara."
Na ce na ji.
Ta dube ni ta saman tabarau,
kallon da ake wa mai sayen tsada da gangan.

Sabuwar tana aljihuna, a ninke,
har yau ban haddace ta ba.
Tsohuwar ce ke zuwa bakina in ina ɗaure buhu,
harafi, sai lambobi, sai harafi,
Ila yakan juyo ya ce, "Amin,"
ya zaci addu'a nake yi.